Matuƙi Ya Ce Yana Gani, Amma Wa Ya Sauya Masa Hanya?

Jama'a, mun san akwai waɗanda za su ga kan wannan magana su ce, ina ruwan talaka da jirgin sama, shi da ko kuɗin mota zuwa ƙauyensu sai ya yi ta lissafi? To, mu dai mun ce da ruwansa. Tsohuwar da ta shekara 20 tana tara ribar ƙuli-ƙuli da daddawa don ta sauke farali, a jirgi za ta tafi Makka. Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Dubai ko ƙasar Sin, a jirgi zai tafi. In sun shiga an rufe ƙofa, ba su da kowa sai Allah, sai mutumin nan da ke zaune a gaba yana tuƙi. Ban da wannan kuma, labarin da za mu ba ku yau labari ne na abin da manya su kan yi in abu ya ɓaci a hannunsu, wannan kuwa babu talakan da bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Bari mu fara da ƙa'idar, gama sai an san ta sa'an nan za a gane inda aka yi cutar. Sararin sama yana da hanyoyi kamar yadda ƙasa ta ke da su, kowace hanya kuwa an yanka mata tsayin da jirgi ba zai sauko ƙasa da shi ba in yana tafiya da na'ura, watau cikin gajimare ko duhu, inda ido ba ya aiki. Hukumar jiragen sama ta duniya, wadda mazauninta ke Montreal ta ƙasar Kanada, ta ce a dubi abin da ya fi kome tsawo cikin kilomita 8 kewaye da jirgin, ko dutse ne ko dogon gini, a ɗora ƙafa 1,000 a kansa. In ƙasar duwatsu ce a ɗora ƙafa 2,000. Wannan shi ne za mu riƙa kira tsayin aminci. Muddin jirgi yana can bisa gare shi, ko matuƙi ba ya ganin kome ba zai daki dutse ba.

A ƙasa kuma akwai ma'aikatan da ke ba jirage hanya ta wayar iska, su ne masu hasumiya. Yawancin mutane suna zaton aikinsu ne su tsare jirgi daga kowane irin haɗari. Ba haka ba ne. A rubuce ya ke, babban aikinsu shi ne kada jirgi ya yi karo da jirgi. Dutse kuwa sha'anin matuƙi ne, sai fa in mai hasumiya ya riƙe jirgin a na'urarsa ta hangen jirage, wadda a ke kira rada, yana ce masa bi dama, bi hagu, sauko kaza. A wannan lokaci alhaki yana wuyan mai hasumiya. To, akwai wata ƙofa da aka bari a buɗe. In matuƙi ya ce gari ya washe, yana ganin ƙasa da idonsa, yana iya neman izini ya sauko ƙasa da tsayin aminci. In an ba shi, daga wannan minti dutse da tudu da itace duk sun koma wuyansa. A Amurka har tambaya a kan yi wa matuƙin da ya nemi a karɓe shi alhali yana ƙasa-ƙasa, a ce masa, za ka iya kiyaye kanka daga tuddai har ka hau tsayi kaza? In ya ce i, maganar ta shiga faifai, shi ke nan.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin irin wannan. In mai saye ya je kara ya duba saniya, ya buɗe bakinta, ya zagaya ta, dillali ya ce ka gani ka yarda, ya ce na gani, aka ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa. Ba ya dawowa gobe ya ce ƙahonta gajere ne. Mu ba mu da ja da wannan ƙa'ida, ko a kara ko a sama. Jirgi ba ya sauka sai ya sauko, kuma mutumin da ke zaune a ɗaki mil 40 daga wurin ba shi da halin gane wa matuƙi abin da ke gaban gilashinsa. Amma kowane alƙali ya sani, in mai saniya ya san tana da ciwon da ido ba ya gani, ya yi gum, to, na ganin mai saye ba ta wanke shi. A kan warware cinikin. Ku riƙe wannan a zuciya, ku ji abin da ya faru a 1979.

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai, can gaba da Ostireliya, mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 3 da ɗan wani abu ba. Tana da kamfanin jiragen sama mai suna Air New Zealand, wanda a wancan zamani Gwamnati ce ke da shi ɗungum. Tun 1977 kamfanin ya fara kai mutane kallo Antaktika, ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen duniya ta wajen kudu. Ba sauka a ke yi ba. A tashi daga birnin Auckland da safe, a je a yi shawagi, mutane su leƙa ta taga su ɗauki hotuna, a komo gida da dare, tafiyar wajen awa 11. Kujera ɗaya dala 359 ce kuɗin ƙasar.

Inda a ke zuwa kallon akwai wani tsibiri, Ross, a kansa kuwa akwai dutse mai aman wuta da a ke kira Erebus, tsawonsa ƙafa 12,448. Yamma da tsibirin akwai wani faffaɗan mashigin teku mai suna McMurdo, ƙanƙara ta rufe shi, a shimfiɗe kamar faifai. A bakin mashigin Amurkawa suna da sansani, kuma sojan ruwansu ne ke ba jirage hanya a wannan yanki. Kamfanin ya rubuta a takarda cewa tsayin aminci a can ƙafa 16,000 ne, sai an wuce dutsen, in gari ya washe, a sauko ƙafa 6,000 a wani keɓaɓɓen wuri. Wannan a takarda ke nan. A aikace kuwa jiragen da suka riga zuwa sun sha saukowa ƙasa da haka nesa, har jaridu suka buga, kamfanin ma ya yi talla da irin waɗannan labarai. Ai wanda ya biya dala 359 ba gajimare ya zo kallo ba, mai kamfani kuwa ya fi kowa sani.

To, a 1978 aka shigar da hanyar wannan tafiya cikin kwamfutar kamfanin. Hanyar jirgi lambobi ce, kowace lamba tana nuna wani wuri a bayan ƙasa. Wanda ya buga lambobin ya sa 4 a inda ya kamata ya sa 6. Wannan kuskure ya gusar da ƙarshen hanyar wajen mil 27 zuwa yamma, ya ɗauke ta daga kan dutsen ya mai da ita tsakiyar mashigin nan mai shimfiɗe. Wata 14 a na tafiya a haka, ba wanda ya tanka a ofis. Ran 9 ga Nuwamba 1979 aka kira Kyaftin Jim Collins da mataimakinsa Greg Cassin aka yi musu bayanin tafiyar, domin dukansu biyu ba wanda ya taɓa zuwa can. Collins ba yaro ba ne, ya yi fiye da awa 11,000 yana tuƙin jirgi. Lambobin da suka gani ran nan su ne masu bi ta mashigi. Iyalinsa sun ba da shaida cewa daren da zai tafi ya zauna a gida ya baje taswira yana zana hanyar. Ya kwanta da sanin cewa gobe Erebus zai kasance can hagunsa, da nisa.

Cikin wannan dare, yana barci, mutanen ofis suka gyara lambobin. Daga baya sun ce zatonsu ɗan gyara ne na mil 2. Ashe sun mai da hanyar ne ta miƙe sak kan dutsen. Da gari ya waye, ran 28 ga Nuwamba, aka miƙa wa matuƙan sabuwar takarda, ba wanda ya buɗe baki ya ce musu an taɓa kome. Suka zuba lambobin cikin na'urar jirgin kamar yadda su ke a takardar. Wani abu kuma, a takardar da aka aika wa Amurkawa masu ba da hanya, sunan McMurdo kawai aka rubuta a maimakon lambobin wurin. Saboda haka su ma ba su san an sauya ba. Matuƙi yana zaton ta mashigi zai bi, mai hasumiya yana zaton ta mashigi zai zo, na'urar jirgi ita kaɗai ta san inda ta nufa.

Jirgin, samfurin DC-10, ya tashi da fasinja 237 da ma'aikata 20. Da suka kusa, Amurkawa suka gaya musu akwai gajimare a kan sansanin, amma ƙarƙashinsa a na hangen mil 40, kuma in sun matso za a iya riƙe su a rada a sauko da su har ƙafa 1,500. Collins ya ga wani ɓuli a gajimaren, yana hangen ƙanƙarar teku ta ciki. Ya ce zai sauko da ido. Aka ce an yarda. Ya yi kewaye biyu yana saukowa har ƙafa 2,000, ya mai da jirgin kan hanyar na'ura, sa'an nan ya ƙara saukowa 1,500. Ba a kai ga riƙe shi a rada ba. Ƙaramar wayar iska, wadda ba ta ratsa dutse, ta yi ta ƙin shiga, sai babbar mai cin dogon zango. Yau kowa ya san dalili: dutsen ne ya tsaya tsakaninsu da sansanin. Su kuwa a ran nan ba su da dalilin tuhumar dutsen da suka tabbata yana mil 27 a gefe.

A nan ne mai karatu zai ce, to, dutse mai ƙafa 12,000 da ɗori, rana tsaka, mutane biyar a ɗakin tuƙi, yaya aka yi ba su gan shi ba? Mu ma mun yi wannan tambaya. Mu a nan mun san hazo. In ya sauko sosai cikin hunturu, ka tsaya a Kurmi ba ka hangen Dala. Amma hazo yana da kirki guda, ba ya ɓoye kansa, ka san ba ka gani, sai ka yi hattara. Abin da ke ƙasar ƙanƙara ya fi wannan mugunta. Iska garau ta ke, ido yana cin nisa. Sai dai ƙasa fara fat, gajimare fari fat a bisa, hasken rana ya bazu ko'ina ba ya yin inuwa. Ku ɗauki farin alawayyo ku shimfiɗa a ƙasa, ku ja shi ya hau bango har rufi, ku kawar da duk wata inuwa, ba za ku iya nuna inda daɓe ya ƙare bango ya fara ba. Haka gangaren Erebus ya zame musu: fili shimfiɗaɗɗe har iyakar gani, daidai abin da aka ce za su tarar. Har ma akwai baƙaƙen duwatsun gaɓa a dama da hagu, masu kama da na bakin mashigin da su ke tsammani. Hotunan da fasinja suka ɗauka daf da ƙarshe sun nuna gari a washe. Kamfanin kuwa bai koya wa matuƙan wannan irin makanta ba kafin ya tura su.

Mu Hausawa mu kan ce gani ya kori ji, mu kan kuma ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ran nan ido bai san ƙima ba. Da misalin ƙarfe 1 saura minti 10 na rana, ƙararrawar da ke gargaɗin kusantar ƙasa ta kaɗa. Kyaftin ya nemi a ba injuna wuta a hau. Daƙiƙa 6 ke tsakanin ƙararrawar da karon. Jirgin ya daki gangaren dutsen a tsayin ƙafa 1,467, mutum 257 ba wanda ya fita.

Yanzu ku ji yadda aka raba alhaki. A watan Yuni 1980 babban mai binciken haɗarin jirage na Gwamnati, Ron Chippindale, ya fitar da rahotonsa. Ya ambaci kurakuran ofis, gaskiya ne, amma da ya zo faɗar sanadi sai ya ce shawarar kyaftin ce ta ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa alhali ba su tabbatar da inda su ke ba. Watau an sauko ƙasa da ƙafa 16,000, an karya dokar kamfani, matuƙi ya ce yana gani, saboda haka nasa ne. Magana ta yi wa manya daɗi, gama wanda aka ɗora wa laifin yana kabari.

Amma jama'ar ƙasar ba su yarda a rufe maganar a ofis ba. Aka naɗa alƙalin babbar kotu, Peter Mahon, ya yi bincike a bainar jama'a. Ya yi kwana 75 yana sauraron shaidu. Wani tsohon matuƙin kamfanin, Kyaftin Gordon Vette, ya tsaya ya bayyana yadda farar ƙasa ke yaudarar ido, ko da ya ke ya san hakan zai ɓata tsakaninsa da iyayen gidansa. Alƙalin da kansa ya tafi Antaktika, aka bi da shi ta wurin, ya ga abin da idonsa. A wurin binciken ne aka ji cewa shugaban kamfanin ya ba da umurni a tattara takardun da suka shafi tafiyar wuri guda, a yayyage waɗanda aka ce sun yi yawa. Aka kuma ji cewa ɗan littafin da Collins ke rubuce-rubuce a ciki, wanda aka tsinto a kan dutsen, ya iso hannun masu bincike babu shafukansa. Ran 27 ga Afrilu 1981 Mahon ya ba da rahoto. Ya ce babban sanadin haɗarin shi ne sauya lambobin hanya ba tare da an gaya wa matuƙa ba. Ya wanke matuƙan. Ya ce manyan kamfanin sun san a na saukowa ƙasa da dokar da suka rubuta. Ya kuma ƙara da cewa an shirya masa ƙarairayi a jere a gaban kotunsa, ya ci kamfanin tarar dala 150,000 ta kuɗin zaman.

Sai me? Firayim Minista Robert Muldoon, wanda Gwamnatinsa ce mai kamfanin, ya fito fili yana sukan rahoton alƙalin da Gwamnatinsa ta naɗa. Kamfanin ya garzaya kotun ɗaukaka ƙara. Mu ba za mu ɓoye muku ba, domin ba halinmu ba ne: a kan maganar ƙarairayin nan kotu ta ba kamfanin gaskiya, ta soke tarar. Mahon ya ajiye alƙalanci, ya kai ƙara Landan gaban majalisar alƙalan Sarauniya, su ma a 1983 suka ce ya yi kuskure da ya tuhumi mutane da haɗa baki ba tare da ya ba su damar kare kansu ba, kuma hujjarsa a kan wannan ba ta isa ba. Mun yarda da wannan hukunci. Mu da mu ke kuka kullum a kan ɗaure talaka ba a ji ta bakinsa ba, ba za mu so a yi wa kowa haka ba, ko da mai kamfani ne. Amma ku lura da kyau, babu kotun da ta taɓa abin da ya faɗa game da sanadin haɗarin. Wannan yana nan daram.

Saura masu hasumiya. Iyalan waɗansu ma'aikatan jirgin sun kai Gwamnatin Amurka ƙara, suka ce sojan ruwanta ba su tsare jirgin ba. A 1988 wani alƙali a Washinton ya kori ƙarar, ya wanke masu ba da hanya, ya mai da laifin kan kamfanin da matuƙan. To, kun gani. Kalma guda ta matuƙi, ina gani, ita ce kowa ya riƙe. Mai hasumiya ya riƙe ta, shi kam doka tana bayansa, ba kuwa shi ya sauya hanya ba. Amma mai kamfani shi ma ya so ya fake da ita, shi da ya sayar da saniyar da ciwonta a ciki.

Ba mu ce Collins mala'ika ba ne. Har yau akwai tsofaffin matuƙa masu hankali da ke cewa bai kamata ya bar ƙafa 16,000 ba sai rada ta riƙe shi, ko kuwa ya gwada lambobin safiyar nan da taswira. Da ya yi, da ya ga dutsen a kan takarda. Ba mu raina wannan magana ba, kuma muna so kowane matuƙin da zai ɗauki alhazanmu ya ji ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma mu dubi girman laifin kowa. Shi ya yi shawara cikin mintoci, bisa abin da aka nuna masa, ya kuwa biya da ransa. Su sun yi wata 14 da kuskure a aljihun tebur, suka gyara shi cikin dare, suna da waya a gabansu ba su ɗaga ba. Sun rubuta doka ɗaya don ranar shari'a, suna sayar da tikiti da wata dabam. Wannan dabara mun san ta. Ita ce ta mai mota da ke rubuta fasinja 18 a jikin ƙofa, ya ce wa direba in bai kawo kuɗin mutum 25 ba ya ajiye makulli. Ranar da taya ta fashe, sai ya nuna wa 'yan sanda rubutun ƙofa.

Akwai wata hanya ta bi da irin wannan, an kuwa gwada ta. Ran 1 ga Disamba 1974 wani jirgin kamfanin TWA yana gangarowa filin Dulles kusa da Washinton cikin gajimare. Mai hasumiya ya ce an ba shi izinin gangarowa, bai faɗi tsayi ba. Matuƙan suka ɗauka an sallame su su sauko ƙafa 1,800, tun da a na ganinsu a rada, ko da ya ke taswirarsu ta nuna 3,400 a wannan yanki. Shi kuwa mai hasumiya ya ɗauka tsayi sha'aninsu ne. Kowa ya zaci ɗan'uwansa ke riƙe da igiyar. Suka daki wani tudu, mutum 92 suka mutu. Da a ke bincike sai aka gano cewa mako 6 kafin nan jirgin wani kamfani ya yi wannan kuskure a daidai wurin, ya tsallake da ƙyar, matuƙansa sun gaya wa kamfaninsu, amma labarin bai kai ga sauran kamfanoni ba. Hukumar binciken ma ta rabu, uku suka ce laifin matuƙa ne, biyu suka ce da hannun mai hasumiya. Amma ba su tsaya ga nuna matattu da yatsa ba. Aka gyara lafazin, aka tilasta wa mai hasumiya ya faɗi tsayin da jirgi zai riƙe har ya hau hanyar sauka. Aka tilasta sa ƙararrawar kusantar ƙasa a manyan jirage. A 1976 kuma aka buɗe wani ofis a hannun hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta kowa, inda matuƙi ko mai hasumiya zai kai labarin kuskurensa a ɓoye sunansa, don saura su amfana.

Tun daga wajen 1996 an sami sabuwar ƙararrawa mai ɗauke da taswirar duwatsun duniya a cikinta, wadda ke hango dutse tun da sauran lokacin kaucewa, ba daƙiƙa 6 ba. Ta ceci rayuka da yawa. Sai dai kada a manta, ita ma taswirar da ke cikinta wani ne a ofis ya zuba ta.

Kada wani ya ce wannan halin mutanen nesa ne. Ran 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi yana tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya ji ƙansu. Wannan ba maganar dutse ba ce, iska ce. Amma ba a ko gama zaman makoki ba ministan jiragen sama na lokacin ya fito ya ce matuƙi ne ya ƙi jin shawarar hasumiya. Rahoton masu bincike da ya fito daga baya ya ga laifin matuƙan, ba mu musu. Amma ya kuma ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta aiki cikin mugun yanayi, horon da aka ba su game da irin wannan iska kuma bai dace ba. Wannan kashi na biyu mutum nawa suka ji shi a kasuwa?

Saboda haka ga abin da mu ke nema, kuma muna so wakilanmu su tashi da shi a Majalisa. Mai binciken haɗari kada ya zama yaron ministan da ke kula da jirage, domin ba a sa kura ta binciki ɓatan akuya. In an yi haɗari, a rufe takardun kamfani da faifan hasumiya a hannun kotu tun a ranar, kafin wani ya ga waɗansu sun yi yawa. Kada wani mai muƙami ya yanke hukunci a gaban 'yan jarida kafin masu bincike su gama. Duk gyaran da aka yi wa hanyar jirgi, kome ƙanƙantarsa, a gaya wa matuƙi baki da baki ya sa hannu. Matuƙin da ya ce yau hazo ya yi yawa, ba ya gani, ba zai sauko ba, kada a rage masa ko kwabo, kada kuma wani babban mutum da ke sauri ya aika masa da saƙo daga kujerar baya. In rahoto ya fito kuwa, a buga shi da harsunan mutanen da 'yan'uwansu suka mutu, a karanta a rediyo, ba a ajiye shi cikin Turancin da sai lauya ba.

Mutanen Niyu Zilan sun daɗe suna jira. Rahoton Mahon bai shiga Majalisarsu ba sai a 1999, shekara 18 bayan rubuta shi. Ran 28 ga Nuwamba 2019, ranar da haɗarin ya cika shekara 40, Firayim Minista ta lokacin, Jacinda Ardern, ta tsaya gaban iyalan mamatan ta nemi gafara da sunan Gwamnati saboda abin da kamfaninta ya yi, ta ce ba laifin matuƙan ba ne. Shugabar kamfanin ita ma ta nemi gafara. Da yawa daga iyayen waɗanda suka mutu a dutsen ba su kai ga jin wannan ba. Alƙali Mahon ma bai ji ba, ya rasu tun 1986.